Football Manager: Kafin ka sauke jadawalin atisayen wani, fara buɗe kalandarka

A cikin minti ashirin na rasa lamba bakwai da lamba sha ɗayana, kuma ciwo iri ɗaya ne ya fitar da su: tsokar bayan cinya. Ranar 29 ga Disamba ce a kalandar gem ɗin. Ina riƙe da wata ƙungiya a gasar Championship ta Ingila a cikin Football Manager 2024, muna mataki na biyu a teburi, har na fara lissafin 'yan wasan da zan saya idan mun hau Firimiya. Kwana uku kafin ranar mun buga wasa, bayan kwana uku akwai wani, ga kuma kofin FA yana jiranmu a farkon Janairu. Kafin Fabrairu ya ƙare mun gangaro mataki na tara, mahukuntan ƙungiya sun fara turo min irin saƙon nan da duk wanda ya taɓa buga gem ɗin ya san inda ya dosa.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake yi: na ce maguɗi gem ɗin yake min. Na canza tsarin wasa sau uku, na yi wa 'yan wasa faɗa a ɗakin canza kaya, na ajiye kyaftin a benci. Sai da ƙura ta lafa na buɗe shafin likitocin ƙungiya, inda na tarar bakwai daga cikin sha ɗayan da nake fara wasa da su an daɗe da yi musu alamar cewa suna dab da jin rauni. Saƙonnin gargaɗi suna nan jibge a akwatina, ni kuwa yatsana yana kan maɓallin ci gaba. Jadawalin atisayen da nake amfani da shi, tun watan Yuli na sauko da shi daga intanet bayan na kalli wani bidiyo a YouTube, na shimfiɗa shi a kan kakar gaba ɗaya, ban ƙara waiwayarsa ba.

Ga ra'ayina, kuma na san akwai waɗanda ba za su yarda ba. Jadawalin atisaye ba abin saukewa ba ne kamar hoton fuskar waya. Daga kalandar wasanninka ake gina shi, kana farawa daga ranar wasa kana komowa baya, kuma hutu yana cikin abubuwan da ya kamata ka fara sakawa, ba sai ka rasa abin da za ka cike gurbi da shi ba. Wanda ba shi da lokacin yin haka, gara ya sakar wa mataimakin koci aikin baki ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gurbi 21 da ke ruɗar mutane

Ga wanda bai saba ba, Football Manager gem ne na kamfanin Sports Interactive da ke Landan, Sega ke fitar da shi kasuwa. 'Yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, su suka faro shi a 1992 da sunan Championship Manager, kafin ya koma sunan da muka sani a 2004. Ba ka taɓa ƙwallo a cikinsa. Kai koci ne: ka sayi 'yan wasa, ka tsara dabara, ka horar da su, ka zauna kana kallon abin da ka shuka.

Tsarin atisayen da nake magana a kai ya zo ne da Football Manager 2019, wanda ya fito a Nuwamban 2018, kuma da shi aka ci gaba har zuwa FM24, wanda da yawanmu muka shekara biyu a kansa saboda an soke fitar da FM25 a Fabrairun 2025. Kafin wannan tsari, abin bai wuce ka zaɓi fannin da za a mai da hankali a kai da nauyin aikin ba. Yanzu kowace rana an raba ta zango uku, ka ga a mako akwai gurbi 21 ke nan. A kowane gurbi kana iya saka abin da ka ga dama: aikin ƙarfin jiki, gudu, juriya, kai hari, tsaron baya, sarrafa ƙwallo, kwana da bugun tazara, wasan gwaji tsakanin 'yan ƙungiya, shirin tunkarar abokan hamayya, farfaɗowa, hutu, har da fita zumunci don 'yan wasa su saba da juna. An kuma raba tawagar gida uku, masu tsaron raga da 'yan baya da 'yan gaba, ta yadda idan zangon na kai hari ne, 'yan gaba ke kwasar kaso mafi tsoka, sauran su yi aikin da ya shafe su.

Matsalar daga ido take farawa. Gurbin da ba komai a cikinsa yana yi wa mai wasa kama da asara, kamar ka sayi data ka bar ta ta ƙone ba ka yi amfani da ita ba. Sai mutum ya yi ta cusawa har sai ya ga allon ya cika da launuka. Alhali idan ka latsa kowane zango ka karanta bayanin da ke jikinsa, za ka ga ba amfaninsa kaɗai aka rubuta ba, har da kuɗin da za ka biya: yadda zai ƙara haɗarin rauni, yadda zai ci kuzari, yadda zai tara gajiya, da yadda zai taɓa jin daɗin 'yan wasa. Babu zango ɗaya na kyauta a ciki.

Abubuwa uku ne ke ja-in-ja a jikin kowane ɗan wasa, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba. Akwai kuzari, wanda ake nunawa da alamar zuciya, yana sauka bayan wasa ya dawo cikin kwanaki kaɗan. Akwai kaifin wasa, wanda ba ya samuwa sai da buga wasa, kuma yana dakushewa idan mutum ya daɗe a zaune. Sai na uku, mugun cikinsu: gajiyar da ke taruwa a hankali cikin makonni. Ɗan wasa zai iya nuna maka cikakkiyar zuciya ranar Asabar alhali ya riga ya ƙone ta ciki. Ita ce ta cinye ni a Disamban nan. Ina ganin kore, ina cewa lafiya lau.

Abin da jadawalin aro bai sani ba

Wanda ya haɗa jadawalin da ka sauke bai san ƙungiyarka ba. Wannan magana ce mai sauƙi, amma duba abin da ke cikinta.

Ƙungiyar Bundesliga tana buga wasan lig 34 a kaka, kuma tana da hutun hunturu. Ta Firimiya tana buga 38. Ta Championship, inda ƙungiyoyi 24 suke, tana buga 46, ban da kofin Carabao da ke farawa tun Agusta, ban da kofin FA, ban da wasannin cike gurbi idan ka kai can. Idan kuwa babbar ƙungiya ce ka ɗauka, daga kakar 2024/25 zagayen farko na Gasar Zakarun Turai ya koma wasa takwas maimakon shida. Ta yaya jadawali guda zai yi wa waɗannan duka daidai? Sannan bai san ko kana da 'yan wasa 25 masu kyau ba ko kuwa 14 ne da yara. Bai san ko salonka na matsa lamba ne tun daga gaba irin na Jurgen Klopp, wanda ke shanye ƙafafu a kowane wasa, ko kuwa na komawa baya a jira. Bai san ko filin atisayenka na zamani ba ne ko kuwa abin tausayi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Masu horarwa na gaske ba sa kiran ranakun mako da Litinin ko Talata idan suna tsara aiki. Suna kiransu ne da nisansu daga wasa: kwana ɗaya bayan wasa, kwana huɗu kafin wasa, jajibirin wasa. Wannan tunani ana danganta shi da Vitor Frade, malami a Jami'ar Porto da ke Portugal, kuma Jose Mourinho yana cikin waɗanda suka yi fice da shi. Ma'anarsa ita ce wasa shi ne abu mafi nauyi a mako, komai kuma kewaye da shi ake jera shi. Gem ɗin a kan wannan hankali aka gina shi, ko da bai faɗa maka ɓaro-ɓaro ba.

Bari mu ɗauki makon da wasa ɗaya ne, Asabar zuwa Asabar. Lahadi ta farfaɗowa ce, idan ka so ka haɗa da bitar wasan jiya, wadda ba ta cin ƙafa. Litinin ni nakan bar ta da sauƙi, zango ɗaya na sarrafa ƙwallo ko ma hutu idan wasan ya yi zafi. Talata da Laraba su ne ranakun aiki na gaske, domin sun yi nisa da wasan da ya wuce, sun kuma yi nisa da mai zuwa. A nan ne wurin gudu, ƙarfi, da wasan gwaji. Alhamis a sassauta, a koma dabara da tsayuwar 'yan baya. Juma'a kwana da bugun tazara da shirin abokan hamayya, a tashi da wuri. Idan ka ƙirga za ka ga wajen rabin guraben nan 21 ne kawai ke ɗauke da aiki, kuma masu nauyi a cikinsu ba su wuce uku ko huɗu ba.

To, yanzu makon da ke da wasa biyu, Asabar, Talata, Asabar. Lahadi farfaɗowa. Litinin jajibiri ce, kuma idan wasan na waje ne gem ɗin da kansa zai cinye maka gurbi da tafiya. Talata wasa. Laraba farfaɗowa. Juma'a wata jajibirin. Me ya rage? Alhamis kaɗai. Rana ɗaya tak a mako, ita ma ba ta yin aiki mai nauyi ba ce, tunda kwana biyu ke nan da wasa kuma saura kwana biyu wani. Wannan shi ne abin da na kasa fahimta a kakata ta farko: a mako irin wannan babu atisaye, wasan shi ne atisayen. Duk wani zangon gudu ko na ɗaga ƙarfe da ka saƙala a ciki, bashi ne ka ci, kuma a Janairu za a zo karɓa.

Ba a gem kaɗai ake wannan gardama ba. Marcelo Bielsa ya yi suna a Leeds United da atisaye mai azabar nauyi da kuma son ƙaramar tawaga. Da shi ya hau da su Firimiya a 2020 bayan shekara 16, suka ƙare na tara a kakarsu ta farko. A kaka ta gaba raunuka suka kwantar masa da Patrick Bamford da Kalvin Phillips da Liam Cooper na tsawon lokaci, aka sallame shi a Fabrairun 2022. Har yau magoya baya suna musu kan ko salonsa ne ya jawo ko kuwa rashin sa'a ce. Abin da ba a musu a kai shi ne, idan tawagarka ƙarama ce kuma aikinka mai nauyi ne, mutum uku sun isa su rushe maka kaka.

Shafin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba a buɗe shi

A cikin sashen atisaye akwai wani shafi na hutu, inda za ka gaya wa gem ɗin nauyin aikin da kowane ɗan wasa zai yi gwargwadon kuzarinsa. Wanda zuciyarsa ta yi ƙasa sosai, kada ya taka fili ko ɗakin motsa jiki. Wanda ke tsaka-tsaki, rabin aiki. Wanda ya cika, cikakken aiki, ko ma ninki biyu. Sau ɗaya za ka saita, ya ci gaba da aiki da kansa. Idan minti biyar kawai kake da shi na kula da atisaye a kaka, a nan za ka kashe shi, domin shi ne ke raba wanda ya buga minti 90 jiya da wanda ya wuni a benci. Jadawalin ƙungiya ba ya iya wannan rarrabewar, kowa ɗaya yake ɗauka.

Inda na saɓa da mutane da yawa shi ne batun ninki biyu. An mayar da shi kamar dole: duk mai cikakkiyar zuciya a ninka masa. Ni ban yarda a yi wa 'yan wasan da ke farawa kowane mako haka ba, saboda dalilin da na faɗa a sama, cewa zuciya ba ta nuna tarin gajiya. Ninki biyu na yara ne da 'yan benci, a makon da wasa ɗaya ne. Lamba takwas ɗinka mai shekara 31 da ke zagaye fili kamar inji, abin da yake buƙata a wurinka shi ne kwana biyu ko uku a gida lokaci zuwa lokaci, ba ƙarin aiki ba.

'Yan benci kuma suna da tasu matsalar, wadda ita ce kishiyar ta farko. Idan ka cika jadawali da hutu saboda mutum sha ɗaya, sauran za su dakushe, ranar da ka buƙace su su shigo kamar waɗanda aka tasa daga barci, kuma ɗan wasan da ba shi da kaifi shi ma yana saurin jin rauni. Maganin ba a jadawali yake ba. Ka riƙa tura su wasannin ƙaramar ƙungiya su yi minti 45 ko 60, ka kuma yi amfani da canji biyar ɗin nan da doka ta ba ka tun wasa yana minti sittin, ba sai ana shirin tashi ba.

“Amma ai jadawalin nan yana aiki”

Wannan ita ce hujjar da wani abokina yake kafa min kullum, kuma ba zan ce ƙarya yake ba. Akwai masu bin diddigin gem ɗin da ke amfani da manhajar gyara bayanai su haɗa ƙungiyoyi iri ɗaya sak, su bar kwamfuta ta buga kaka bayan kaka, su ga me ya fi tasiri. Abin da suka daɗe suna nunawa shi ne gudu da saurin tashi sun fi yawancin sauran lambobi tasiri a kan sakamako, kuma 'yan zanguna kaɗan da aka maimaita sun fi jadawali mai kayan ado da yawa saurin haɓaka ɗan wasa. Aiki ne na haƙuri, ina kuma girmama shi. Wani abin dariya ma shi ne, jadawalan da suka fito daga irin wannan gwaji sau da yawa cike suke da hutu da farfaɗowa, wato sun fi kusa da abin da nake faɗa fiye da wanda na sauke mai cike da launuka.

Duk da haka ina da ja a wuri biyu.

Na farko, kowane ɗan wasa yana da wasu lambobi biyu da gem ɗin ya ɓoye, waɗanda iyakarsu 200: iyawarsa ta yanzu, da kuma rufin da ba zai taɓa wucewa ba. Lambobin da kake gani daga 1 zuwa 20 daga wannan asusu ake biyansu, kuma ba farashinsu ɗaya ba. Gudu yana cikin masu tsada. Idan ka tura duk ƙungiya kan gudu, abin da za ka kashe a nan ka rasa shi ke nan a wani wuri, kuma idan yaro ya kai rufinsa, sai dai a rage can a ƙara nan. Za ka wayi gari da lamba shida mai gudun barewa wanda bai iya ba da ƙwallo ba. Wataƙila ka ci wasanni da shi. Amma ba ɗan wasan da ka saya ba ne.

Na biyu ya fi damuna. Me ya sa muke buga wannan gem? Mutum ya hana kansa barci, ya ƙona batir, ya jira a kawo wuta, duk don ya ji cewa shawararsa ce ta ɗauki ƙaramar ƙungiya ta kai ta inda ba a zata ba. Idan dabarar ta wani ce, jadawalin na wani ne, jerin yaran da za a saya ma daga wani bidiyo ka kwafo, to aikinka a ciki shi ne latsa maɓalli. Kofin zai zo, amma ɗanɗanonsa kamar shayin da ba sukari. Ba na hana kowa, gem ɗinka ne, kuɗinka ne. Sai dai na lura waɗanda ke yin haka su ne ke fara cewa gem ɗin ya gundure su kafin kaka ta uku.

Shi ya sa na ce mataimakin koci ya fi jadawalin aro. Ba gwani ba ne, wani lokaci zai saka abin da zai ba ka haushi, amma aƙalla yana kallon kalandarka, yana sauya mako idan wasanni sun cunkushe. Ka bar masa na ƙungiya, kai ka riƙe na ɗaiɗaiku da shafin hutu. Ba abin kunya ba ne. Sir Alex Ferguson ma ya shahara da barin mataimakansa su gudanar da atisaye shi yana gefe yana lura.

Yara, da watan da Afirka ke karɓar 'ya'yanta

Wani kuskuren da jadawali ke jawowa shi ne ɗaukar cewa atisaye ne ke gina yaro har abada. Kafin shekara 18, haka ne, atisaye da ingancin masu horarwa da kayan aiki su ne kan gaba. Daga nan kuwa buga wasa na gaske, a matakin da ya dace da shi, shi ne ke ɗaukar ragamar. Yaro mai shekara 19 da ka ajiye yana atisaye mai tauraro biyar ba ya buga wasa, ɓata shi kake yi. Ko ka ba shi mintuna, ko ka ba da shi aro inda za a fara da shi. Halinsa ma yana cikin lissafi: mai himma da riƙon sana'a zai ci gaba ko da jadawalinka bai da kyau, malalaci kuwa ko me ka tsara masa sai a hankali. A nan ne haɗa shi rukuni ɗaya da dattawan ƙungiya masu kyan hali yake da amfani, kuma sai yana cikin babbar tawaga hakan zai yiwu.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu idan muka ɗauki ƙungiyar Turai, sai mun cika ta da 'yan Najeriya da Senegal da Mali da Ghana, ko don kishi ko don arha. Gasar cin kofin Afirka kuwa galibi tsakiyar kakar Turai take faɗowa. Wadda aka yi a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024 aka buga ta, wadda Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Duk ɗan wasanka da ƙasarsa ta yi nisa, wata guda ba ka da shi, kuma zai dawo a gajiye. Waɗanda suka rage su ne za su ɗauki kayan. Idan kana da irin wannan tawaga, tun Nuwamba ya kamata ka fara ba wa masu maye gurbinsu mintuna, ka kuma sassauta jadawalin watan gasar. Babu fayil ɗin da za ka sauke da ya san 'yan Afirka nawa ne a ƙungiyarka.

Wuri ɗaya da nake goyon bayan a yi aiki kamar ba gobe shi ne kafin a fara kaka. Makonni biyar ko shidan nan na kafin kaka, a nan ake zuba juriya da ƙarfi, a jera wasannin sada zumunta daga masu sauƙi zuwa masu wuya, a koyar da dabara har ta zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi wasa da Yuli saboda yana ɗokin a fara lig, shi ne zai zo Disamba yana neman cusa aikin ƙarfi a tsakanin wasa biyu.

Ga masu bugawa a waya

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba a laftof suke bugawa ba. Tun daga FM24 Mobile, wanda ya fito a Nuwamban 2023, sigar waya ta koma hannun Netflix, sai mai rajista da su yake iya buga ta, masu iPhone kuma suna da sigar Touch a Apple Arcade. A sigar waya ba za ka ga guraben nan 21 ba, an taƙaita abin sosai. Abin da ke hannunka shi ne matsayin da ɗan wasa zai koya, fannin da zai fi mai da hankali a kai, da nauyin aikinsa. Wasu na ganin wannan rashi ne. Ni ina ganin ya rage maka hanyoyin cutar da kanka ne, amma ya bar maka babbar: jarabar ɗaga wa kowa nauyi zuwa ƙarshe a ranar farko ka manta. Kuma a waya kaka tana gudu, a zaman jiran mota ɗaya sai ka cinye wata biyu, don haka kafin ka ankara ɓarnar ta riga ta auku. Dabarar ba ta canza ba: ka duba jerin wasannin wata mai zuwa, idan sun cunkushe ka sauke wa masu farawa nauyi, idan sun yi sarari ka mayar.

A wasu gem ɗin kuwa gajiya kuɗi ce ta zahiri. Top Eleven, na kamfanin Nordeus da ke Belgrade, wanda ya fito a 2010, kakarsa kwana 28 ce kuma da mutane na gaske kake karawa. Duk atisayen da ka yi yana cin kuzarin 'yan wasa, idan kana son ya dawo nan take sai ka kashe koren kati, idan sun ƙare kuma ko ka kalli talla ko ka saya. Wanda ya horar da 'yan wasansa har suka galabaita awa biyu kafin wasa, ya sa kansa a inda zai zaɓa tsakanin shan kashi da taɓa asusun banki. A irin wannan gem, sanin lokacin da za ka bar su su huta shi ne bambancin mai bugawa kyauta da mai biya.

Ni dai ba a kore ni ba a waccan kakar, da kyar. Na ƙare na takwas. A kaka ta biyu na goge fayil ɗin da na sauke, na zauna na haɗa jadawali uku da hannuna, na makon wasa ɗaya, na makon wasa biyu, da na kafin kaka, wanda duka bai ɗauke ni rabin awa ba. A farkon kowane wata na gem nakan buɗe kalanda in jera su inda suka dace, in leƙa shafin likitoci kafin kowane wasa. Da 26 ga Disamba ta sake zagayowa, lamba bakwai ɗin nan yana cikin ganiyarsa, ya ci ƙwallo a wasa uku a jere, na ajiye shi a benci. Washegari ya turo saƙo yana neman mu gana, ransa a ɓace. Na ce masa ya shirya, ranar 29 da shi za a fara.